Teburin da Mai Fanka Ya Kafa a Bakin Titi

Shekara goma sha tara Mai Fanka ya yi yana naɗin wayar fankoki a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene. Laftof ɗin 'yarsa ce ta sauya masa sana'a. Tana cikin rubutun kammala karatu, na'urar ta riƙa ɗaukar zafi tana mutuwa. Ya kifa ta, ya ga ramukan shan iska a ƙasa, ya ce, "Ai numfashi kike toshe mata da cinya."

Ya yanko ragar alminiyom, ya ɗaura mata ƙananan fankoki biyu masu jan wuta daga jikin laftof ɗin, ya yi mata ƙafafu masu ɗaga baya da ɗan baki a gaba don kada na'urar ta zame. Fankokin kuwa a kan siririn ƙarfe ya zaunar da su, ana tura su dama ko hagu har su dace da inda zafin yake. Ɗalibai suka sa wa abin suna tire, suka yi ta zuwa saye.

Yayan matarsa, mai babban shagon kayan waya a tsallaken titi, ya zo ya ari ɗaya, wai zai nuna wa abokinsa. Bayan wata huɗu sai ga kwalaye an sauke masa: tire na roba, baƙi, da shuɗiyar fitila, da tambarin shagonsa. Wannan bai ƙona wa Mai Fanka rai ba kamar abin da wani ɗalibi ya faɗa masa: "Baba, an ce naka kwaikwayon na tsallake ne."

Bai tsallaka ya yi faɗa ba. Ya aika aka sayo masa ɗaya, ya kwance shi. Fanka ɗaya ce a tsakiya, a manne, ramukan robar kuma ko tsinke da ƙyar yake shiga. Ya yi murmushi.

Washegari ya fito da tebur bakin titi, daidai saitin ƙofar surukin nasa. Ya ajiye tire biyu da ma'aunin zafi. Duk mai laftof, gwaji kyauta: minti goma a kan na roba, minti goma a kan nasa, kuma mai ita ne zai karanta lambar da ƙarfi. Ba ya ambatar sunan kowa. In an gama sai ya ce, "Amma fitilar tana da kyau."

Mutane suka fara mayar da na roba. Ana jiyo cacar baki daga tsallake, shi kuwa yana ɗaure ƙusa yana 'yar waƙa.

A sati na shida surukin ya tsallako da kansa.

"Haba ƙanina, ya isa haka. Gida ɗaya muke."

"Yaya, ni gwaji kawai nake yi. Wa ya kwaikwayi wani?"

"Maganar kasuwa ce."

"To, faɗi gaskiyar a kasuwa, yadda ka faɗi cewa nawa ne kwaikwayo."

Surukin ya kasa, ya koma. A gida matar Mai Fanka ta yi kwana uku ba ta kula shi ba, sannan ta ce, "Baban yara, ɗan'uwana ne fa."

"Na sani. Shi ya sa na ba shi aron."

Teburin ya yi wata bakwai a waje, har da ranakun ruwa, da laima a kansa. Sai da ya ga an kwashe kwalin ƙarshe na tiren roba an zuba a motar 'yan gwangwan ya naɗe shi.

Yanzu ma'aikata uku gare shi, ya koma shago mai taga. Shi da surukin suna haɗuwa a gidan tsohuwa, mahaifiyar matarsa, in an je dubiya, su gaisa a tsaye. Matarsa takan tambaye shi ko ya huce, yakan ce saura kaɗan.