Malamin Gona Ya Tafi Bai Yi Mini Sallama Ba

Ina yaro ɗan shekara goma sha biyu ko kusa da haka lokacin da abin nan ya same ni, a garin Wurno, zamanin Turawa. Mahaifina yana cikin waɗanda aka ɗiba aka kai Jos aikin kuza lokacin yaƙi. Bai dawo ba, kuma ba wanda ya zo ya ce ya ga kabarinsa. Da Inna ta gaji da jira, alƙali ya raba auren, ta yi wani a wajen Goronyo, aka bar ni hannun baffana. Ba zan ce ya zalunce ni ba. 'Ya'yansa suna da yawa, ni kuwa ƙarin baki ne. Ana ba ni tuwo, amma sai in wuni ba wanda ya kira sunana in ba aike ba. Da haka na fara bin wasu samari masu shiga fadama suna tone albasar mutane, ina tsaya musu gadi, don su kaɗai ke cigiyata in ba su gan ni ba.

A shekarar ne En'e, wato hukumar gargajiya, ta turo wani malamin gona ya koya wa manoma huɗa da shanu. Saurayi ne, baƙo, bai yi aure ba. Wata rana ya ritsa ni a bakin fadama da albasa cike da riga. Na ɗauka wurin dogarai zai kai ni. Sai ya dube ni, ya ce, "Ɗan ƙanena, mi kac ci yau?" Sai na fashe da kuka. Ya sa na mayar wa mai gonar albasarsa, shi ya tsaya ya ba da haƙuri, sannan ya ce in bi shi. A gidansa na tarar da wasu yara irina, marayu da waɗanda iyayensu suka watse. Ba wanda ya sa shi tara mu, ba kuma a biyansa a kan haka. In ya tashi aiki da la'asar sai mu taru, ya koya mana ɗaura wa shanu karkiya da riƙon garma, ya raba mana furarsa, ya saurari shirmenmu. Har wurin baffana ya je ya nemi izini. Na rabu da samarin nan. Ya taɓa ce mini hannuna ya fi na kowa daidai a kan garma, kuma in na dage zai sa baki a ba ni shanun kaina in na girma. A zuciyata na riga na mai da shi uba, ko da yake ban taɓa gaya masa ba.

Da damina ta biyu, ina huɗa, na yi sakaci bakin garma ya yanki sa ɗaya a ƙafa. Malam ya yi mini faɗa, karo na farko ke nan, ya ce in tafi gida. Kunya ta hana ni komawa kwana biyu. Ran da na yi ƙarfin hali na je ba shi haƙuri, na tarar da ɗaki a buɗe, ba tabarma, ba akwati. Maƙwabcinsa ya ce an yi masa canjin wurin aiki, mota ta ɗauke shi tun jiya. Na tambaya ko ya bar mini saƙo, ya ce shi dai bai ji ba.

Abin da ya zauna mini a rai shi ne ni na kore shi. Sauran yaran ma haka suka ce, suka daina yi mini magana. Duk ranar kasuwa nakan je inda mota ke tsayawa in duba masu sauka. Da na ji an ce akwai malamin gona a Rabah, na taka da ƙafa har can, na tarar wani dattijo ne da bai ko san shi ba. Na dawo na sha dukan baffa, ban faɗa masa inda na je ba. Daga nan na koma wa samarin fadama, kuma wannan karon ba gadi nake ba. Daga albasa muka koma awaki. Ƙarshe aka kama mu, na yi zaman gidan yari a Sakkwato, ba wanda ya taɓa leƙo ni.

Sai da na yi furfura na haɗu da shi, a wurin wata jana'iza a Goronyo. Ya tsufa, bai gane ni ba. Da na tuna masa, ya riƙe hannuna yana murna. Na ce, "Malam, don san nan da garma ta yanka ka tafi?" Ya yi tunani, ya ce, "Wane sa?" Ashe ma ya manta. Ya ce umarnin tashi ne ya zo masa ba shiri, ya so ya kira mu, amma ya ga ba zai iya jure kukanmu ba, sai ya ga gara ya tafi shiru, yara ne, za mu manta.

Ban riƙe shi a zuci ba, don alherin da ya yi mini gaskiya ne, da noman shanun da ya koya mini na ci da iyalina bayan na fito. Amma ina roƙon duk mai jawo yaron da ba shi da kowa a jiki, don Allah ya sani ba ƙaramin abu ya ɗauka ba. Yaro irin wannan an riga an tafi an bar shi, in an sake, kansa zai ɗora wa laifi. In tafiya ta kama ka, kira shi, ka zaunar da shi, ka gaya masa da bakinka inda za ka da abin da ya sa, ka danƙa shi hannun wani. Bar shi ya yi kukan a gabanka. Ni nawa ni kaɗai na yi shi.