Ƙarar da Baba Bai Ji Ba

A shekarar da na gama jami'a, ina zaune a gida ina jiran a kira mu bautar ƙasa, kunnen Baba ya fara nauyi. Duk gidan mun sani, amma ba wanda ya taɓa furtawa. Umma ta koyi zagayowa gabansa kafin ta yi masa magana, don ya ga bakinta. Rediyonsa ya yi ta ƙara murya har maƙwabta suka daina kunna nasu. In ya ce "Na'am?" har sau biyu, sai mu ba shi haƙuri, mu ce mu ne muke magana ƙasa-ƙasa. Haka muka yi ta lallaɓa abin, kamar masu ɗauke da ƙwarya cike da nono a cikin taro.

Baba makanike ne. A garejin gwamnati ya yi aiki har ya yi ritaya, daga nan ya koma karɓar motocin waɗanda suka san shi a ƙofar gidanmu da ke Tudun Wada, ƙarƙashin darbejiyar da ke jikin zaure. Da kunne aka san shi. Ina ƙarama nakan zauna a dakali in ga mota ta karyo kwanar layinmu, kafin ta tsaya ya riga ya faɗi ciwonta. Mai motar ya fito yana shirin bayani, Baba ya ɗaga masa hannu ya ce ya ji. A lokacin na ɗauka injuna suna da harshensu, kuma mahaifina kaɗai aka koya wa.

Wata Alhamis da yamma, farkon damina, aka kawo motar. Ja ce, mai ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa kamar ta durƙusa. Sai da ta shigo layin a karkace don kada cikinta ya gogi bakin kwata. 'Yan acaɓa suka rage gudu suna waiwaye. Mai ita saurayi ne, ɗan wani Alhaji da ke Hanwa wanda ya taɓa zama shugaban Baba a wurin aiki. Washegari bayan sallar Juma'a zai kama hanyar Abuja, mahaifinsa kuma ya ce ba zai tafi ba sai Baba ya yi wa motar juyen mai da hannunsa.

Na kawo wa baƙon ruwa, sai na tsaya daga cikin zaure ina kallo. Saurayin ya buɗe bayan motar ya fito da wasu 'yan robobi masu sheƙi.

"Baba, ga man na zo da shi. Shi aka ce tana sha."

Baba ya buɗe ɗaya, ya ɗiga a yatsa, ya murza, ya ɗaga hannun yana kallon yadda man yake gangarowa.

"Ɗan Alhaji, wannan mai ne ko ruwan shayi?"

Saurayin ya yi dariya. "Wallahi Baba tsada gare shi."

"Na'am?"

"Na ce tsada gare shi!"

"Tsada ba ta hana shi zama ruwa. Can ƙasar da aka ƙera ta sanyi gare su. Nan Zariya ce. Rana ta ɗaga, kana gudu a kan kwalta, wannan zai tsinke kamar kunun da aka cika wa ruwa. Inji a ƙasarmu mai kauri yake so. Tun ba a haife ka ba nake zuba wa motocin babanka."

"To Baba, duk yadda ka ce," in ji saurayin. Ya miƙa makulli da hannu biyu, ya tari keke-napep ya tafi.

Baba ya jera robobin a lungun zaure kusa da buta. Da kansa ya tafi Kwangila wurin mutumin da ya saba saya a hannunsa, ya dawo da galan ɗin mai mai kauri. Na ga lokacin da yake zubawa, man yana sauka a hankali kamar maɗi. Ya goge hannu ya ce sai da safe zai tayar ya saurara, don inji ba ya ɓoye halinsa in ya kwana.

Da asuba aka yi ruwa. Gari ya waye da sanyi-sanyi, ƙasa tana ƙamshi, ina tsakar gida ina wanke kwanuka na ji motar ta tashi. Muryarta mai zurfi ce, irin wadda ake ji a ƙirji kafin a ji a kunne. Amma a kan wannan gurnanin akwai wata 'yar ƙara siririya, ƙas-ƙas-ƙas, da sauri, ba ta yankewa. Da fari na ɗauka tsaka ce a jikin bango. Sai na lura tsaka tana hutawa, wannan kuwa ba ta hutawa. Jiya da motar ta shigo layinmu babu ita. Na tabbata, don na saurari motar jiya kamar yadda ake sauraron baƙuwar murya.

Na yafa mayafi na leƙa. Baba yana tsaye, bonet a buɗe, ya ɗora tafin hannu a gefen motar, yana murmushi.

"Uwata, zo ki ji," ya ce. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Kin ji yadda ta kwantar da murya? Mai ya zauna mata."

Ƙarar tana nan tsakaninmu, a fili. Tsallaken layi, mai shagon da ke sayar da burodi ya ɗago kai, ya dubi motar, ya dubi Baba, sai ya sunkuya ya ci gaba da jera kayansa. A nan na gane ba gidanmu kaɗai yake rufa wa Baba asiri ba.

Na ce, "Na ji, Baba." Na koma ciki.

Umma tana madafa tana dama koko. Ban ce komai ba ta riga ni.

"Ni ma na ji."

"Umma, ki faɗa masa."

"In ce masa me? In ce kunnenka ya tafi?" Ta ci gaba da juya ludayi ba ta dube ni ba. "Mutumin da ba shi da gona, ba shi da shago. Kunnen nan shi ne abin da yake fita da shi ƙofar gida. Ƙila in ta yi zafi ta daina."

"In ba ta daina ba fa? Abuja zai tafi."

"Allah zai tsare."

"Amin, amma Umma…"

"Ke dai ki bar ni in ji da abu ɗaya," ta ce.

Na shiga ɗaki na ɗauki waya. Ban san sunayen kayan cikin inji ba, don haka na rubuta abin a intanet yadda na ji shi. Abin da na fahimta shi ne, irin waɗannan motoci masu gudu hanyoyin mai a cikinsu sirara ne ƙwarai, an yi su ne don mai marar kauri ya ruga ya kai saman inji nan take. Mai kauri yakan makara a hanya, ƙarafunan sama su yi ta taɓa juna kafin ya iso. Wasu sun ce ƙarar takan wuce ba ta bar komai ba. Wasu sun ce takan ci inji a hankali. Wasu kuma sun ce ba man ba ne, wani abu ne dabam. Duk wanda na karanta sai ya rushe na bayansa. Abu ɗaya suka haɗu a kai: a dubi murfin da ake zuba mai, yawanci an rubuta irin wanda motar take so.

Ni mai yawan tunani ce tun ina yarinya, kuma tunanina ba ya tsayawa inda ya kamata. Ina zaune a bakin gado na ga jar motar a hanyar Kaduna tana wuce tireloli, na ga injin ya ƙame a tsakiyar gudu, na ga mutane sun taru a gefen titi. Na ga Alhajin Hanwa a zaurenmu, ba ya faɗa, yana dai tambaya a hankali wane mai aka zuba. Sannan na ga ɗayan hoton: ni a gaban mahaifina ina gaya masa abin da duk unguwa ta yi masa kara a kai. Ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba. Hantsi yana ɗagawa, ina jin yara ana yi musu wankan Juma'a a gidan maƙwabta.

Da na sake fita, Baba ya sake tayar da ita yana goge fitilu. Ƙarar ta ɗan ragu amma tana nan. Na matsa na saci kallon murfin. Lambobin da ke kansa su ne a jikin robobin da ke lungun zaure.

A cikin akwatin kayan aikinsa akwai wata doguwar sukundireba mai mariƙin katako. Na sha ganin yana kafa bakinta a jikin inji, ya kara mariƙin a kunne, ya lumshe ido. Na daɗe ban ga ya ɗauke ta ba. Na durƙusa na ɗauko.

"Baba, koya mini yadda ake ji da wannan."

Ya yi dariya. "Malama mai digiri za ta shiga gareji? Kya ɓata lallenki."

"Ka koya mini dai."

Ya kama hannuna ya kafa bakin a saman injin, ya gyara mini mayafi don kada ya faɗa cikin fanka. Na kara kunne. Sai ga duniyar cikin ƙarfen ta buɗe, abubuwa suna gudu suna shuuu kamar ruwa a kwararo, kuma a tsakiyarsu ƙarar nan, yanzu kamar ana buga ƙusa a cikin kaina.

"To, me kika ji?" Ya tambaya da wasa a fuskarsa.

Na juyo yadda zai ga bakina, kamar yadda Umma take yi.

"Akwai mai gurnani a ƙasa. Akwai mai shuuu. Sai kuma wani a sama, ƙas-ƙas-ƙas, kamar keken ɗinki da ba a sa wa mai ba."

Wasan ya bar fuskarsa a hankali. "Ba ni in ji."

Ya kara a kunnen dama. Ya daɗe. Ya mayar hagu. Ina kallon jijiyar wuyansa. Sai ya cire hula, ya danna mariƙin da ƙarfi a ƙashin bayan kunnensa, ya rufe ido. Na ga lokacin da abin ya isa gare shi, don yatsunsa sun ƙara matse katakon. Ya zagaya ya kashe motar.

"Tun yaushe take yi?"

"Tun da ka tayar da safe."

"Kina ina kika ji?"

Na so in ce a nan kusa. "Ina tsakar gida, Baba."

Ya dubi zauren, ya auna nisan da ido. Ya dubi shagon tsallake, inda mai burodi ya ba mu baya yana ta gyaran abin da ba ya bukatar gyara.

"Ummanki ma?"

Na sunkuyar da kai.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya mayar da hularsa, sannan ya ce in karanta masa abin da ke kan murfin, in kuma ɗauko roba ɗaya in karanta. Na karanta da ƙarfi, lamba bayan lamba. Ya gyaɗa kai. Ya shimfiɗa buhu, ya ɗaga motar da jak, ya tura tsohuwar roba ƙarƙashinta, ya kwanta ya kwance mafitar mai. Man da ya je har Kwangila ya sayo ya fara zuba, sabo fil, ko baƙi bai yi ba. Ya bar shi ya tsiyaye har ɗigon ƙarshe, ya canza filta, ni kuma ina miƙa masa robobin ɗan Alhaji ɗaya bayan ɗaya. Umma ta leƙo ta bayan labule ta koma.

Da ya tayar, bai kalli injin ba. Ni ya kalla.

Ƙarar ta fito kamar ɗazu. Na ɗaga masa hannu alamar ya jira. Ta ci gaba, sai ta fara tsallake, ta yi ta yanke, ta dawo can ƙasa, ta sake yankewa. Na ji tsoron kada son da nake yi ta tafi ya sa in daina jinta. Na ɗauki sukundireba na kara, na saurara har kunnena ya yi zafi.

"Ta yi shiru, Baba. Amma ni ban san inji ba. Ban sani ba ko ta bar wani abu."

"Ni ma ban sani ba," ya ce.

Ya yi wanka ya tafi masallaci. Bayan an sauko suka dawo tare da saurayin, shi saurayin yana ta zuba labari, jakarsa a kafaɗa. Ina cikin zaure, bayan ƙofa. Baba ya riƙe makullin bai miƙa ba.

"Ɗan Alhaji, tsaya ka ji. Jiya na zuba mata mai kauri, ta yi ƙara. Na juye na sa naka, ƙarar ta tafi. Naka ne daidai, kada ka bari kowa ya canza maka, ko ni ne."

"Haba Baba, ai ba komai…"

"Ban gama ba. Ƙarar nan ba ni na ji ta ba. Uwata ce ta ji. Kunnena ya yi nauyi, ba na jin ƙaramar ƙara yanzu." Ya faɗa da ƙarfi, yadda masu nauyin kunne suke magana, har mai shagon tsallake ya tsaya cak. "Saboda haka kada ka kama hanya a kan maganata. Ka biya wurin masu na'ura su duba maka ita tukuna, ko da tafiyar za ta kai gobe. Ka gaya wa Alhaji ni na ce."

Saurayin ya rasa inda zai sa idonsa. Ya rusuna ya karɓi makullin, ya ce in sha Allahu yanzu zai biya, ya yi ta godiya fiye da yadda ake yi. Motar ta fita layin a karkace, a hankali.

Baba ya shigo zaure ya same ni tsaye, hawaye ya ɓata mini kwalli. Ya cire takalmansa, ya jingina da bango.

"Ki ce wa Ummanki ranar Litinin za ta raka ni asibiti a duba kunnen," ya ce. "Kuma ku daina ba ni haƙuri in ban ji ba. Ku maimaita kawai."