Ranar da Zoɓo Ya Rina Ni a Mararrabar Gagarawa

Har gobe ina tuna ranar da aka yi ruwan farko a shekarata ta biyu a kamfanin sayen zoɓo na Maigatari. Ni ne mai rakiyar kaya: in bi buhunan busasshen zoɓo daga ƙauye, in danƙa su a bushe. Zoɓon da ya jiƙa ba ya fita ƙasar waje, kuma mai rakiya ake kora.

Ogan namu ɗan ƙasar Sin ne, yana jin Hausa daidai gwargwado. Wata rana muna shan shayi ya ba mu labarin da ake buga misali da shi a ƙasarsu kan alkawari. Wai wani saurayi ya yi wa budurwa alkawarin jiranta a ƙarƙashin gada. Ruwa ya taso, ya ƙi tafiya, ya rungume ginshiƙi har ruwan ya tafi da shi. Kowa ya yi dariya, ni kuwa sai da na share ƙwalla.

Ranar da nake faɗa, a-kori-kura ta sauke ni da buhuna a mararrabar Gagarawa, gindin falwaya. Oga ya bugo waya ya ce in jira shi nan. Na ce ko sama za ta faɗo ba zan gusa ba.

Hadari ya haɗo. Mai shayin wurin ya yi ta kirana in shigo da kayan rumfarsa. Na ce na yi alkawari. Na hau kan buhunan, na rungume falwaya, ina jin kaina tauraron labari.

Ruwa ya sauka, zoɓo ya saki jini. Farar shaddata ta koma ja har wuya. Wata mai awara ta kwarma ihu an yanka mutum, 'yan acaɓa suka taru.

Oga ya iso, ya daɗe yana kallona.

"Sabi'u, me ya hana ka shiga rumfa?"

"Saurayin gada, Oga."

"Shi ai ba ya ɗauke da kayana."

Bai kore ni ba, wai mai wauta irin tawa ba zai yi sata ba. Abin da na koya: a sana'ar nan, kafin ka rantse ba za ka gusa ba, ka tabbata ka zo da tamfol.