Gwaggo Kalolaine da Babban Talabijin

Gwaggo Kalolaine yayar mahaifina ce, kuma duk wanda ya tashi a gidan mutanen tsibiran Tonga ya san matsayin gwaggo: ba a zama a kujerarta, ba a katse ta, ba a kuma koya mata abin da ba ta tambaya ba. Ta bar Tonga ta zo Robinvale, wani garin manoma a ƙasar waje, tun tana da ƙarfinta, ita da mijinta, suka shiga gonakin inabi. Shekara talatin ta yi tana yanka da ɗauri a ƙarƙashin rumfunan inabi, har yatsunta suka karkace. Mijin ya rasu, 'ya'ya suka watse zuwa Melbourne da Sydney. Ni na zo daga gida Tonga na zauna da ita, ina aiki a inda ake wanke karas ana zubawa a buhu.

Lokacin da na zo an riga an sa ta a wankin ƙoda, sau uku a mako, Litinin da Laraba da Juma'a. Wannan ne ya raba ta da zuwa gida. Da can duk bayan shekara biyu sai ta hau jirgi da akwatuna cike da kaya, ta je ta yi wata guda tana ba kowa umarni. Yanzu ko kwana uku ba ta iya yi nesa da asibiti. Ga ciwon suga ya taɓa mata ido, ƙananan abubuwa ba ta ganinsu sosai.

Ɗanta Taniela ya taɓa kawo mata wani ƙaton talabijin, ya kafa a bangon falo, ya koma. Ta duba rimot ɗin ta ce maɓallansa kamar ƙwayar shinkafa suke. Ta sa aka lulluɓe talabijin ɗin da farin leshi, ta jera hotunan jikoki a kan teburin da ke ƙasansa. Shekara biyu yana nan a rufe.

Sai ƙanwarta ta rasu a ƙauyenmu. Wani daga cikin dangi ya riƙa haska jana'izar kai tsaye da wayarsa. Muka taru a falo mu goma sha ɗaya, kowa da baƙaƙen kaya da tabarmar makoki ɗaure a ƙugu, muka haɗa kai a kan wayar Gwaggo da aka jingina da kwalbar ruwa. Ta yi ta tambaya: wace ce waccan a gaba, wa ya riƙe akwatin ta hannun dama, an shimfiɗa tabarmar da ta aika ko ba a shimfiɗa ba. Muna faɗa mata, tana cewa ba haka ba ne. Da aka gama ba ta yi kuka ba. Ta ce, "An binne 'yar'uwata ban ga fuskar kowa ba."

A ɗakin wankin ƙoda, kujerar da ke kusa da tata ta wani tsoho ce, Carmelo, ɗan asalin Italiya. A gonarsa ta yi shekara goma sha biyu na farko, kuma ba ta manta yadda yake bin layi yana ɗaga inabin da aka bari ba. Yanzu su biyun suna kwance gefe da gefe, awa huɗu, kowa da robobi a hannu. Har yau "Maigida" take ce masa, amma da zolaya. Ranar Laraba ta ba shi labarin jana'izar.

Ya ce, "Ke ba ki da talabijin ne?"

Ta ce, "Ina da wanda ya fi ƙofar gidanka faɗi. Me zai yi mini? Tonga ba ta cikinsa."

"Tana cikin wayarki ai. Turawa ake yi. Ni duk shekara a bango nake kallon bikin garinmu, har ina ganin waɗanda suka tsufa suka fi ni lalacewa."

"Akwai wanda ya fi ka lalacewa, Maigida?"

Ya sa ma'aikaciyar jinya ta ba shi takarda, ya rubuta mata da manyan baƙaƙe. Na farko, waya da talabijin su kasance a kan waifai ɗaya, wato intanet ɗin gida ɗaya. Na biyu, ta buɗe bidiyon a waya, ta nemi wata 'yar alama mai kusurwa huɗu da layuka uku lanƙwasassu a gefe. Na uku, ta danna, ta zaɓi sunan talabijin ɗinta. Ya zana alamar da girma, ya ja layi biyu a ƙarƙashin na farkon.

Ba ta gaya mini ba. Ni kaina ban san ana yin haka ba, kuma ko na sani ba zan fara koya mata ba. Ranar Asabar da rana, ina wurin aiki, ta yaye leshin, ta kunna talabijin daga bango, ta zauna da gilashin ƙara girman rubutu. Ta buɗe waƙar mawaƙan cocin ƙauyenmu, ta sami alamar, ta danna. Suna ɗaya ya fito, "Falo". Ta zaɓa. Talabijin ɗinta bai motsa ba. Ta ƙara sauti a waya har ƙarshe. Shiru. Ta sake daga farko sau uku.

Can aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabciyarmu Noeline ce, da tawul ɗin kicin a kafaɗa.

Ta ce, "Kalo, mijina yana kallon ƙwallo, sai mutum sittin da fararen kaya suka fito suna rera waƙa. Ya kashe, sun dawo. Ya sake kashewa, sun dawo da ƙarfi. Naku ne?"

Gwaggo ta ce, "Sun yi kyau?"

"Sun yi. Amma saura minti biyar a tashi wasa."

Ashe tun wata rana da intanet ɗinmu ya ɗauke, Noeline ta sa mata lambar sirrin waifai na gidansu, wayar kuwa ta riƙe, kullum can take kamawa. Su biyun suka zauna suka mayar da wayar kan waifai na gidanmu. Talabijin ɗin ma ba a taɓa haɗa shi ba, sai da suka ɗaga akwatin intanet suka karanto lambar da ke ƙasansa, Noeline tana danna rimot, Gwaggo tana kiran baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya. Da na dawo da yamma tun daga bakin titi nake jin waƙa. Na same ta ta ja kujera gaban bango, tana nuna mata da sanda tana kiran sunayensu da na iyayensu.

Daga nan ba ta sake neman rimot ba. Noeline ta sa mata manhajar da ke mayar da waya rimot, mai manyan maɓallai, da ita take kunnawa da kashewa da ƙara sauti. Labari ya bazu a coci. Duk wanda aka yi wa rasuwa a gida, ko aure, ko yaron da ya gama makaranta, sai a turo wa Gwaggo inda za a kalla, a zo da abinci a cika falo. Da yake gida yana gabanmu da awa biyu ko uku, sau da yawa da sanyin safiya ake taruwa, a ci gwaza da rogo da naman gwangwani a ganye, sannan kowa ya wuce gona.

Tana da dokokinta. Ba a tsayawa a gaban talabijin. Wayar tana cinyarta, ba mai taɓawa. In mai jawabi ya wuce minti ashirin sai ta rage masa murya, ta ce a zuba shayi. Wani dattijon coci ya taɓa cewa, "Mama, ai ƙanena ne ke magana." Ta ce, "Na sani. Tun yana yaro ba ya gajiya. In ya kusa gamawa zan gane a bakinsa." Ranakun wankin ƙoda kuma ba a kallo sai ta dawo. Ta koyi mayar da bidiyo baya, don haka ta hana kowa faɗa mata abin da ya faru.

A watan Janairun da wani dutse na cikin teku kusa da Tonga ya yi aman wuta, layin intanet na ƙarƙashin ruwa da ke zuwa gida ya tsinke. Abu na ƙarshe da muka gani shi ne sama ta yi baƙi tun rana ba ta faɗi ba, mutane suna gudu da motoci zuwa tudu. Daga nan babu kira, babu saƙo. Mahaifina Manase yana can, gidanmu kuwa ba shi da nisa da bakin ruwa.

Mutane suka ci gaba da zuwa falon, ko da yake babu abin kallo. Kwana biyu na farko ta sa labarai, hoto ɗaya ake ta maimaitawa. A rana ta uku ta kashe, ta ce ya isa. Ta shiga tsofaffin bidiyon da ke ajiye a wayarta, bukukuwa da tarukan coci, tana turawa bango. Duk fuskar da ta fito sai ta tsayar da hoton, a ambaci sunan mutumin, a yi masa addu'a, a wuce. Wasu matan suna kuka. Ita dai tana riƙe da waya tana cewa, "Na gaba."

Bayan kusan mako ɗaya aka samu kira ya shiga, na daƙiƙa kaɗan. Muryar mahaifina ce, ya ce kowa yana nan da rai, sai layin ya yanke. Hoto kuwa sai da aka yi mako biyar. Kafin lokacin ta sa Carmelo ya nuna mata yadda ake sa duk abin da ke fuskar waya ya fito a talabijin, har kiran bidiyo.

Ranar da ya kira, mu biyu ne a gida. Fuskarsa ta cika bango, ya rame, gashinsa ya ƙara fari. Ya sunkuyar da kai ya gaishe ta.

Ya ce, "Yaya, mun same ku lafiya?"

Ta ce, "Matsa da wayar baya, hancinka kawai nake gani. Juya ta, nuna mini gidan."

Ya zagaya da ita. Katangar gaba ta faɗi, ayaba ta kwanta, komai ya yi launin toka. Ta sa ya tsaya a tankin ruwa.

"Kun wanke kwanon rufi kafin ku mayar da bututun?"

"Mun share, Yaya."

"Ban ce shara ba. Ga toka can a lungun indararo, ina ganinta daga nan. A cire bututun yau, a wanke, ruwan sama na farko a bar shi ya zube ƙasa."

Ya ce to. Ta sa ya je har maƙabarta da ƙafa, ya nuna mata kabarin iyayensu da na ƙanwarta, ta faɗi irin yashin da za a sake zubawa a kansu. Sai da aka gama duk wannan ta ce, "Ga Latai nan, gaisa da 'yarka." Ta miƙo mini wayar, ta tashi ta shiga kicin, ta daɗe ba ta fito ba.

Bana shekararta saba'in da shida. Idon hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama yana nan da sauƙi. Taniela yana so ta koma Melbourne kusa da babban asibiti, ta ce sai bayan an yanke inabi za ta yi tunani. Haka ta ce bara ma.