Gazali da Akwatin da Ba Ya Ɓoye Mutum

Jama'a, a gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga Gazali na unguwar Gawon Nama a Sakkwato, sarkin masu kaɗa jita tun daga Illela har Yawuri, mutumin da ya girgiza bukukuwan Birnin Kabi da Gusau da Ƙonni, amma babu amaryar da za ta rantse ta taɓa ganin ko da hancinsa.

Dalili kuwa, Gazali ɗan gidan malamai ne. Mahaifinsa, Malam Gidaɗo, har ya koma ga Allah bai san ɗansa na taɓa wata waya ba in ba ta lantarki ba. Da gyaran rediyo Gazali ya fara, a wata rumfa bakin titi. Wani Bazabarme ya kawo gyaran jita bai dawo ɗauka ba, shi ke nan yatsun Gazali suka haɗu da abin da ya fi ƙarfinsu.

Bayan rasuwar tsohon, gida ya koma hannun wansa, Malam Sharifuddeen, mai ba da karatu a zaure. Malam ba yaro ba ne. Ya san mai gyaran rediyo ba ya ɓacewa duk ƙarshen mako ya dawo yana ƙamshin turaren amare. Wata rana ya kira shi ya ce, "Gazali, ban tambaye ka ba, kada ka hwaɗa min. Amma kada in gani, kada in ji sunan Baba ciki. Ran da haka ta hwaru, zaurenga ba hanyarka ba ne." Zauren nan kuwa shi ne ƙofar kowa. Ta nan Gazali ke shiga sashensa wurin matarsa Balkisu da yara, kuma tsakar gida ɗaya yake ratsawa kullum safe ya durƙusa ƙofar ɗakin Inna, mahaifiyarsu, ta yi masa faɗan ramewa.

Abin da ya rufa masa asiri shekara da shekaru wata tsohuwar amfilifaya ce, na'urar ƙara sauti, haɗe da sifika, tsayinta ya kai ƙirjin mutum, sai ƙarti biyu sun kama. 'Yan ƙungiyar kiɗansu na kiranta Gwaggo, don sai ta ɗumama take magana, in ta fara kuma ba ta jin lallashi. Duk inda suka je wasa, Gazali zai ja 'yar kujera bayan Gwaggo ya zauna, bango a bayansa, zafinta na gasa masa gwiwa. Mata su yi ta ɗaukar bidiyo, Gwaggo ce ke fitowa.

Shugaban ƙungiyar shi ne Tambari, mawaƙi, kuma duk kayan kiɗan nasa ne. Ya daɗe yana ƙorafin Gwaggo na cinye kujera biyu cikin bas. Rannan ya dawo daga Kano da wani ɗan akwati kamar tiren shayi, da madannai da ake takawa da ƙafa, da ɗan gilashi irin na waya. Wai an zuba muryar amfilifaya iri-iri a cikinsa, wacce kake so ka taka, waya ɗaya ta wuce zuwa manyan sifikun wurin biki.

Gazali ya dubi akwatin, ya dubi kusurwar shagon ƙungiya inda Gwaggo ke zama. Wayam.

"Maigida, ina take?"

"Na saishe ta. Wani mai tallan maganin basir a Dundaye ya ɗauka."

"To ni ina zan zamna?"

"Zama? Wanga tsaye aka yi nai, gaba, kusa da ni. Kai ba ka gaji da zama kamar mai takaba ba?"

Mai ganga ya kwashe da dariya ya ce, "Ka shiga bayan mai fiyano." Mai fiyanon kuwa ko sandar rake ba za ta ɓuya a bayansa ba.

Gazali ya kwana biyu yana addu'ar abin ya ƙi aiki. Ya zauna a shago yana latse-latse da niyyar gano aibinsa, sai ga shi ya tono wata murya sak ta Gwaggo, har da 'yar dusashewarta. Ya ƙara latsawa ya sami wata mai jan sauti kamar goge, wadda tun yana saurayi yake ji a kansa bai taɓa samu ba. Haushi ya kama shi, don abin da daɗi. Kafin ya farga ya jera muryoyi waƙa-waƙa, shi kaɗai ya san wacce ke ƙarƙashin wane madanni. Da hannunsa ya ɗaure kansa: da can in ya ji tsoron wani wuri yakan tura wani ya kaɗa, yanzu babu mai iya takawa sai shi.

A Gusau ya sa takunkumin fuska ya ce mura. A Argungu ma mura. Sai aiki ya faɗo a cikin Sakkwato, wunin biki a wani ɗakin taro kan Sama Road, bayan la'asar, rana tarwai.

"Maigida, wanga dai ka yahe min. Nan gida ne."

"In yahe ma, wa za ya taka? Ni? Ja hula, mintoci ne."

Ya ja hula, ya ja takunkumi, ya tsaya gaban mata maƙil, kowacce da waya a sama. Bai taɓa sanin wurin biki na da haske haka ba. Ya kafa ido kan akwatin kamar mai neman allura. Da aka zo tsakiyar waƙar uwar amarya ya taka muryar nan mai ja, jita ta yi wani kuka, wuri ya ɗauki guɗa. Tambari ya ji abin har ƙashi. Shi kuma mawaƙi in ya ji daɗin mutum, abu ɗaya ya sani: ya wasa shi da asalinsa. Ya dafa kafaɗar Gazali ya ɗaga murya.

"Ku gane shi! Gazali ɗan Malam Gidaɗo! Ƙanen Malam Sharifuddeen na Gawon Nama! Jikan masu tawada, hannu ya gaji alƙalami!"

A ganin Tambari karramawa ce ya yi. Gazali bai daina kaɗawa ba, don tsayawa tsakiyar waƙa zai ƙara jawo ido. Gumi ya jiƙe takunkumin, yatsu suna ta aikinsu.

Bidiyon ya riga shi isa gida. Malam ya aika a kira magini. Inna ta hana a kore shi, amma ba ta iya hana magini ba. Washegari aka toshe ƙofar sashensa da bulo, aka fasa masa wata ta lungu, daidai bakin kwata. Balkisu da yara na zagayawa su bi ta zaure. Shi kuwa da safe sai ya tsaya jikin ɗanyen siminti ya ɗaga murya, "Inna, ina kwana?" Ta amsa daga can, ta tambaya ko ya ci wani abu. Barin kiɗan ma ba zai buɗe ƙofar ba, kuma da shi ake cefane.

Ni mai ba ku labarin nan, na same shi a shago ranar Laraba yana naɗe waya, za su tafi Ƙonni. Na ce, "Yaya Gazali, yanzu fa ka zama tauraro. Duk garin nan an san sunanka. Zan rubuta tarihinka kaf, jikokinka su karanta su yi alfahari."

Bai ko ɗago ba.

"To. Ɗaga ƙahwarka, ka take min waya."