Gilashin Wayar Mode

Mode na Lahodu, Allah shi jiƙan rai nai, manomin albasa na. Tun shina yaro shika bin uba nai hwadama, har hannuwa nai sunka yi kanta, ƙaya ba ta shiga su. Kuma mutum na mai son abu mai kauri. Hauya, tukunya, takalmi, sai ya auna da hannu shi ɗauki wanda yah hi nauyi.

Ɗa guda Allah yab bar musu shi da matatai Habi, suna nai Abdulgafar. Da daji yal lalace, gonakin nesa sunka gagara, yaron yat tahi haƙar zinari can cikin hamada. Wani da yak komo yak kawo ma Mode waya, irin wagga ta shahwawa, da saƙon yaron: a sa mata gilashi, a tsare ta, ita kaɗai ta hanyar da za shi ji su. Can wurin sai an hau dutsi aka samun kira, kuma da wayar aro. Shi ka kira, ba a kiran shi.

Ranar kasuwar Goronyo Mode yaj je wurin Usaini mai kayan waya.

"Baba, ga wanga marar kauri, ya hi jin yatsa."

"Ɓawon albasa za ka saida min? Ina da shi buhu-buhu. Miƙo mai kaurin."

"Baba, hannunka da nika gani..."

"Mi ag ga hannuna? Kai dai liƙa."

Yal liƙa. Gilashin kau ya yi aiki nai, don wayar ta taɓa hwaɗuwa bakin rijiya, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Amma in kira ya shigo, Mode shi shahwa, shi shahwa, ba ta jin shi. Sai Habi ta amsa ta miƙa mai.

"Malam, ka ɓamɓare abin ga mana."

"Yaro ya ce a tsare ta. In ta hwashe, ke ka ba mu wata?"

Rannan shina ban ruwa hwadama, shi kaɗai, da hantsi, wayar tay yi kuka cikin aljihu. Lambar can ta. Yas shahwa, shiru. Yas share hannu ga riga, yal lashi yatsa, yag gwada su ɗai-ɗai har ɗan ƙaramin. Ta yanke, ta sake, ta yanke, ta sake. Tsoho yab bar ruwa na kwarara, yas sheƙa gida da gudu, waya na kuka hannu nai. Kahin shi kai ga Habi, wayar ta yi shiru.

Ba ta ƙara kuka ba.

Ana cire albasa wani ɗan garin Maikujera, abokin tahiyar yaron, yay yi sallama. Yac ce ramin zinari ya rubza da su Abdulgafar.

"Baba, rannan shawara za shi yi da kai, ko shi shiga sabon ramin ko shi komo gida. Ya ce abin da kac ce shi za shi yi. Da bai same ka ba, yas shiga."

Bayan an watse zaman makoki, Mode yas sa bakin wuƙa yaɓ ɓamɓare gilashin. Wayar na nan sabuwa hul. Yat taɓa ta, nan take taj ji shi.

Ya rayu bayan nan, shina noma, shina zuwa masallaci, wayar na aljihu tsirara. Da ita anka iske shi ranar da yac cika.