Wutar da ta ƙi cin dajin Baba

Shekarun baya, tun ban koma Gummi da zama ba, akwai wani fili a bayan ƙauyenmu inda gamba ke fin mutum tsawo. Da ita mahaifina ke saƙa zana, ita ce sana'arsa ta rani. Nakan taya shi, sai dai zanar da na saƙa ko ɗan akuya ba ta tarewa.

A gefen filin akwai rugar wani Bafulatani da ke kiwo a wajen. Duk shekara in ruwa ya ɗauke, mun yanki abin da za mu iya, sai ya cinna wa sauran wuta tun ciyawar na da ɗanye-ɗanye, don ta yi toho shanunsa su samu kore. Duk shekara kuma sai sun yi faɗa da Baba.

"Kai dai ba ka ƙaunar ganin haki tsaye!" in ji Baba.

"To Malam, in ban ƙone ba, mi shanu za su ci?"

Inna dariya kawai take yi, don ta san kafin yamma matar Bafulatanin za ta aiko mana da nono.

Da zaman daji ya fara wuya, mutumin ya kwashe iyalinsa da shanunsa ya yi kudu. Baba ya ji tafiyarsa, amma ya ce gamba dai ta huta. Ya hana kowa kai wuta wajen. Shekarun farko muka yanka har muka gaji, ni kuwa ina ta cika baki a kasuwa.

Sannu a hankali sabara da geza suka taso. Da can wuta ke cinye su tun suna ƙanana, shanu su tattake saura. Yanzu babu mai taɓa su. Suka yi kai, suka rufe ƙasa da inuwa, ƙaya ta shiga tsakani. Gamba ta dinga ja da baya, har ta kai mu yini muna yawo ba mu haɗa dami biyu ba.

Wata safiya Baba ya sa ashana a aljihu ya ce in raka shi. Da hannunsa ya kunna. Wutar ta lashi busassun ganye, ta yi hayaƙi, ta mutu. Ya sake, ta sake mutuwa. Babu ciyawar da za ta ɗauke ta.

Ya daɗe a tsugune kafin ya ce, "Ashe shekarun ga duka noma shika yi min, ni ko ina yi mai hwaɗa."

Daga ranin nan bai ƙara saƙa zana ba. Har yau in na tuna abin yana taɓa ni, ba don gambar ba. Duk baƙon makiyayin da ya ratsa ƙauyenmu sai Baba ya tambaye shi labarin mutumin, har Allah ya yi wa Baba rasuwa. Ba a samu wanda ya san inda Bafulatanin yake ba.